Mutum Goma a Jirgin Tanko

Kun san fuskarta. Kada wani ya ce mini bai sani ba. Tana cikin wayoyinku: tsohuwa mai tsage a kumatu, an mayar da idanunta farare fat, ruwa na zuba daga bakinta. Ita kuke tura wa junanku in kuna son dariya. Ranar kasuwar Yelwa da ta wuce, mai wannan fuskar tana zaune a layin masu banda da kwandon tarwaɗa a gabanta tun hantsi har la'asar, kuna ta ratse ta kuna duban wani gefe kamar an kira ku daga can. Malaman makarantarmu sun wuce. Ma'aikatan sakatariya sun wuce. Wata mata da ta shekara goma tana sayen kifi a wajenta ta ja hannun 'yarta ta tsallaka wani layi. Babu wanda ya zage ta, na shaida. Babu kuma wanda ya ce mata sannu.

Sunanta Asibi. Ita ta haifi innata, Allah ya jiƙanta. Ni sunana Salisu, ina koyar da kimiyya a wata sakandare a nan Yelwa, kuma ni na kai mata masu fim ɗin da suka mayar da fuskarta haka. Na faɗi wannan tun yanzu don kada wani ya zo daga baya yana tsammanin ya tona mini asiri.

An haife ta a wani tsibiri da ake kira Gungun Ƙirya. Tana 'yar shekara goma sha uku aka datse kogi, ruwa ya hau, aka kwashe mutanen tsibirin zuwa gaɓar Ngaski, cikin gidajen siminti masu lanƙwasasshen rufi, aka sa wa wurin Tungar Ƙirya. Sun ɗauko tukwane da turame da awaki. Ba su ɗauko matattu ba. Maƙabartarsu tana kan tudun tsibirin, kuma tudun nan kaɗai ke leƙowa kowace shekara in tafki ya ja baya, wajen ƙarshen watan Yuni. Yakan yi mako shida ko bakwai a waje, sannan farin ruwa, wato ruwan damina mai laka da ke gangarowa daga arewa, ya zo ya sake rufe shi.

A cikin makonnin nan akwai rana guda da wata mace daga gidanmu take zuwa can. Da can innar Asibi ce, yanzu Asibi ce. Ba ta yanka komai, ba ta zuba komai, ba ta roƙon kowa komai. Labari take kai musu. Takan tsaya a kan kowane kabari ta kira sunan mai shi, ta gaya masa da yarensu na gungu wanda ke ɗauke da sunansa yanzu da halin da yake ciki: ya yi aure, ya sayi sabuwar raga, ɗansa ya fara tafiya. A Tungar Ƙirya ba a neman suna daga waje. Duk jaririn da aka haifa, sunan wani na kan tudun nan ake ba shi. Mutum arba'in da uku ke kwance a can, kuma sunayensu garin yake ta juyawa har yau.

Kaburburan ba su da alama sai duwatsu. Wane ne a ƙarƙashin wane dutse, Asibi kaɗai ta sani. Idonta na hagu ya riga ya yi yana, na dama ya fara. Shi ya sa aka shirya cewa bana za ta tafi da ƙanwata Zulai'atu, mai karatun jinya, ta nuna mata wurin dutse bayan dutse kafin ganin ya ƙare.

Bara, a watan Yuli, wasu masu shirya fim na talabijin suka zo Yelwa daga Kaduna. Shugabansu wani saurayi ne mai fara'a, Daniel. A wajen mai shayi na ji yana tambaya ko akwai wani tsohon wuri a bakin tafki da zai ba mutum tsoro ko da rana tsaka. Na ce masa akwai maƙabartar da ke fitowa daga ruwa. Da alfahari na faɗa. A raina ina cewa yau dai tarihinmu zai shiga talabijin.

Da na kai su Tungar Ƙirya, mun iske ta tana jera kifi a kan banda.

"Angona, waɗanga baƙin hwa?" Haka take kirana tun ina rarrafe.

"Masu fim ne, Kaka. Suna so su bi ki gungu su ɗauki hoto."

"Hoton wa? Nawa ko na mutanena?"

Daniel ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce, "Mama, ke dai ki yi abin da kika saba. Ki manta da muna wurin."

"Yaro, ƙattai shida da ƙarhe bisa kahwaɗa, in mance da ku?" Ta juyo wajena. "In ango ya yarda, amarya ta yarda. Amma ka gaya masu kada su taka mani mutane."

Tanko ne ya kai mu. Shi ke da jirgin inji mafi girma a kwatar garin, wato inda jirage ke tsayawa, shi ke jigilar fasinja zuwa Yelwa ranar kasuwa, kuma shi yake kai Asibi gungu shekara goma sha biyar a jere. Tafiyar awa biyu ce. Tudun ya bushe ya tsattsage, ga baƙaƙen kututturan itatuwa a tsaye, ga fasassun tukwane, ga duwatsu jere a cikin laka. Na ji Daniel yana raɗa wa mai kyamara cewa ko gina wurin suka yi da hannunsu ba zai kai haka ba.

Asibi ta fara daga gindin wani babban kututture. Ta yi taku huɗu, ta tsaya, ta kira suna, ta yi magana. Ta yi taku biyu, ta sake tsayawa. A wani wurin ta yi dariya, a wani wurin ta yi faɗa tana nuna dutse da yatsa. Ban fahimci komai ba. Abin da na iya a yaren kakata bai wuce gaisuwa da zagi biyu ba. Sun bi ta da kyamara har ta gama. Da muka dawo suka ba ta turmin atamfa, ni kuma suka miƙo mini takarda mai shafi uku in sa hannu a madadinta. Na karanta shafin farko. Ni da nake dukan tebur a aji ina cewa a karanta tambaya har ƙarshe kafin a amsa.

An fara nuna shirin a watan Afrilu, kowace Asabar bayan la'asar. Sunansa Masu Aron Fuska. Ga wanda bai gani ba, in akwai shi: labarin yana faruwa ne shekara saba'in nan gaba. A ƙarƙashin wani tafki akwai tsohon gida da ruwa ya cinye, a cikinsa akwai na'ura mai ƙera jikin mutum, amma ba ta iya yin fuska. Don haka take turo wata tsohuwa ta hau tudu ta kira suna. Wanda aka kira yakan ajiye abin da ke hannunsa ya taka ya shiga ruwa. Washegari wani ya fito da fuskarsa, ya koma gidansa, ya ci tuwonsa, ya ɗauki 'ya'yansa, shi kansa bai san cewa ba shi ba ne. A kashi na shida jarumin da ke farautar waɗannan halittu yake gano cewa shi ma ɗaya ne daga cikinsu.

Shirin ya yi kyau. Ba zan yi ƙarya ba. Ɗalibaina sun yi mako guda suna gardama a kan ko wanda ya fito daga ruwa yana da laifi, tunda bai san kansa ba. Ban taɓa samun su sun yi gardama haka a kan darasina ba.

Tsohuwar da ke kiran suna ita ce Asibi. Sun goge mata baƙin ido da kwamfuta, sun sa ruwa yana kwarara daga bakinta, sun mayar da rana ta zama toka-toka. Duk maganar da ta yi da yarenta sun yanke ta, labarin aure da na haihuwa da faɗan da ta yi wa dutse. Sunaye kaɗai suka bari, suka sa musu amsa-kuwwa.

A Kaduna, na tabbata, sunaye ne kawai. A Tungar Ƙirya kuwa, a shagon mai cajin waya inda ake taruwa kallo, duk wanda ke zaune a kan benci ya ji nasa.

"Mati."

"Zulai'atu."

"Tanko."

Dariya aka yi. Aka ce, "Tanko, tashi, an kira ka!" Tanko ya miƙe ya miƙa hannuwa gaba yana tafiya kamar mai maye, ya nufi randar mai shago, wurin ya kaure da shewa. Mako biyar ana wannan wasa. Asibi da kanta ta je ta gani sau ɗaya, ta ce sun ɓata mata ido amma sun gyara mata haƙora.

A makon farko na Yuni wani masunci mai suna Maliki, ɗan shekara talatin da biyu, ya fita da safe duba raga. Hadari ya taso da iska. Kwale-kwalensa ya kife, ba a same shi ba sai a rana ta uku. Ba ya sanye da rigar kariya, kamar yadda babu wanda ke sa ta a kwatar nan. Iskar farkon damina tana kifar da kwale-kwale a tafkin nan tun kafin wani a garin ya taɓa ganin talabijin.

Na raka Asibi ta'aziyya. Ta ɗauki ƙwaryar gero. Da muka shiga, na tsaya daga bakin zaure inda nake hango tsakar gida. Matan da ke kan tabarma suka matsa mata, suka ƙara matsawa, har tabarmar ta zama tata ita kaɗai. Matar mamacin, Amina, ta ɗago kai.

"Kaka, mi yay yi maki?"

"Wa, ɗiyata?"

"Sau ukku kika kira shi. Na ƙirga. Kowa sau guda, shi sau ukku."

Asibi ta ajiye ƙwaryar. Ta ce, "Maliki ukku na kwance can. Na mijinki shi ne na tsakiya, kakan babanshi. Ce mashi niy yi takwaranka ya samu ɗiya mace, tana kama da ku. Shi ke nan abin da nic ce."

Amina ta daɗe tana kallon jaririyar da ke cinyarta. Sannan ta ce, "To da kin bar shi bai sani ba."

Da muka fito, wata ta biyo mu da ƙwaryar geron ta ajiye a ƙofar gida.

Ba a kira ta mayya ba. Ina so a lura da wannan, domin da an kira ta, da na san inda zan kai ƙara. Abin da ya faru shi ne aka daina aiko yara karɓar wuta a gidanta. Aka daina sayen bandarta a gari, sannan labari ya bi jirgi ya iso kasuwar Yelwa. In ta kira wani da sunansa a hanya, sai ya ƙara sauri. Da ta lura, sai ta daina kiran kowa da suna. Kowa ya zama "kai" da "ke". Ni kaɗai na tsira, tunda ango ba suna ba ne.

Na je wajen Mati. Shi ne namiji mafi tsufa a garin, yana jin yaren gungu sarai, kuma ya sha bin ta tudun a shekarun baya. Na roƙe shi ya tsaya bayan sallar Juma'a ya gaya wa mutane abin da take faɗa a can.

Ya ce, "Malam, wa za ni gaya ma? Kowa ya sani. Uwayensu sun bi ta can."

"To in sun sani, Baba, me ya sa suke gudunta?"

"Bisa tudu sun sani. In sunka shiga jirgi, ruwa ya kai tsakiya, sai su mance." Ya ci gaba da ɗinkin ragarsa. "Ka bari a kwana biyu. Komi na wucewa."

Na kira Daniel. Ya yi jimami, kuma na yarda da gaske ya yi. Ya ce, "Amma Malam Salisu, labari ne fa. Mun rubuta a farkon kowane kashi cewa ƙirƙira ce." Na ce ya turo mini asalin abin da suka ɗauka, wanda ba a yanke ba, in nuna a shagon mai caji. Ya ce yanzu mallakar tashar ce, takardar da na sa wa hannu ta yi bayani a shafi na uku, amma zai gwada. Kafin ya ajiye waya ya ce mutane suna son Mama ƙwarai, ko za ta yarda ta fito a zango na biyu? Har yau ina jiran abin da zai gwada.

Ƙarshen Yuni tudun ya leƙo. Asibi ta wanke zanenta, Zulai'atu ta karɓi hutun kwana biyu a makaranta, muka gangara kwata wajen Tanko. Yana kwance a ƙarƙashin rumfa. Da ya hango mu ya tashi zaune ya fara duba injin da ba abin da ya same shi.

"Tanko, wace rana za mu?" in ji ni.

"Malam, injin ga na ba ni wahala."

"Jiya na gan ka ka dawo daga Yelwa da buhu talatin."

Ya dubi Asibi, ya sunkuyar da kai. "Inna, ki gahwarce ni. Wallahi ni ban yarda da zancen ga ba. Ni ma ai an kira ni, ga ni zaune, ko mura ban yi ba. Amma in kika shiga jirgin ga yau, gobe ba mai shiga. Sun hwaɗa mani a fuska. Mata biyu gare ni da ɗiya tara."

Asibi ta ce, "Kai, ban zo da rigima ba. Gaida gida."

Akwai jiragen inji biyar a kwatar. Na bi su duka. Na hau kabu-kabu na je wasu tungaye biyu da ke gaba. Ko'ina inji ba lafiya.

Na ce to a yi ta a gida. Na kawo babbar takarda da fensir, Zulai'atu ta zauna, na ce Kaka ta kwatanta mana wurin mu zana. Ta rufe ido. Daga kututture taku huɗu, Mati babba. Taku biyu hagu, A'isha mai tukwane. Ta tafi daidai har mutum goma sha takwas. A na sha tara ta tsaya. Ta koma farko, ta sake zuwa, ta sake tsayawa a wuri guda. Ta tashi ta gwada takawa a tsakar gida, ta ci karo da turmi.

"Angona, ba cikin kaina suke ba. Akwai wani gangare can, in ƙahwata ta ji shi sai sunan ya zo. Nan ƙasa a miƙe take." Ta ture takardar. "Kuma ko ka zana, duwatsun ga kama suke da juna. Sai na kama hannunta na ɗora bisa kowane."

Mako huɗu suka wuce haka. A na biyar na yi abin da bai kamata ba. Na ari ƙaramin kwale-kwale a wajen wani da bai tambaye ni dalili ba, na ce zan tuƙa mu da kaina. Ni jikan masunta ne ta kowane ɓangare, amma tun ina aji uku na firamare aka kawo ni Yelwa karatu, ban taɓa riƙe filafilin tuƙi da niyyar zuwa wani wuri ba. Zulai'atu ta ce hauka ne, sannan ta shiga. Asibi ta zauna a tsakiya da ƙullin goronta.

Mun bar gaɓa da kamar taku ɗari, kwale-kwalen ya fara juyi. In na tuƙa dama ya yi hagu, in na koma hagu ya zagayo ya fuskanci inda muka fito. Duk kwatar ta miƙe tsaye tana kallo. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Malam, a duba littafi shafi na nawa!" Aka fashe da dariya.

"Wanga ango nawa," in ji Asibi, "ko sadaki anka ƙara mani ba ni riƙe shi. Ba ni abin nan."

Ta karɓi filafilin ta daidaita mu da bugu uku. Amma hannunta ba zai kai awa guda ba, balle tafiyar da inji ke yi a awa biyu, kuma iska ta fara tura mu kudu, ruwa yana shigowa ta wata tsaga da ban lura da ita ba. Zulai'atu tana kwarfewa da murfin kwano. Dariyar da ake yi a gaɓa ta tsaya.

Sai muka ji inji. Tanko ne. Ya zagayo ya jefo mana igiya, bai ce kowa ya hau ba, ya ja mu a hankali har gaɓa. Da ƙafarmu ta taɓa ƙasa ya fara faɗa.

"Kai Malam, ashe karatu na hana hankali? Da kun nutse hwa? Ka san abin da za a ce? A ce ta kira jikokinta!"

"Da ka kai ta ai da ban shiga ba."

Ya cire hula ya share fuska. Mutane sun kewaye mu, sun bar ɗan fili a gefen da Asibi take. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"To ga magana. Kawo mani mutum goma. Ba yara ba, manya, waɗanda anka sani. Su shiga jirgin ga su zauna da ita, a tahi a dawo gari na kallo. In mutum goma sunka dawo lahiya, ba mai cewa jirgin Tanko na da wani abu. Ranar da ka cika goma, ranar za mu. Ko sisi ba ni so, mai kawai za ka zuba."

Na juya ga waɗanda ke tsaye na ce wa zai fara. Wani ya tuna bai ɗaure akuyarsa ba. Cikin minti biyar kwatar ta koma harkarta.

Ban damu ba a ranar. Na ce a raina Tungar Ƙirya ce, sun yi rashi, tsoro ya kama su. Ni kuwa a Yelwa nake aiki, cikin masu ilimi. Mutum goma ai kafin a tashi tara na safe na gama.

A ɗakin malamai kowa ya goyi bayana. Malamin lissafi ya ce jahilci ne tsagwaronsa, ya kamata a rubuta a jarida. Malamin addini ya ce babu mai kashewa sai Allah, wanda ya ce muryar tsohuwa na kisa ya sake duba imaninsa. Mataimakin shugaba ya ce abin kunya ne a wannan zamani. Na fito da takarda na ce to a rubuta suna, ranar Alhamis ne, ba a karatu tunda ana hutu. Malamin lissafi yana da biki a Shanga. Malamin addini ya ce shi ba tsoro yake ji ba, amma zuwa maƙabartar da ba a tabbatar da addinin masu ita ba akwai magana a kai. Mataimakin shugaba ya ce likita ya hana shi shiga rana. Ya ƙara da cewa, cikin raha, sunan kakansa Mati.

A sakatariya wani jami'i ya ba ni kujera da ruwan sanyi, ya ce in rubuto a takarda za a kafa kwamiti. Wata ƙungiyar matasa da nake cikinta, wadda ta taɓa yin tattaki a kan tsabtar kasuwa, ta sa batun a ajandar taron watan gobe. Na ce musu watan gobe tudun yana ƙarƙashin ruwa. Sakatare ya ce to a sa shi a farkon ajanda.

Mutum guda na samu. Esther, mai sayar da manja a layin da ke kallon na Asibi a kasuwa. Ban ma tambaye ta ba, ita ta kira ni.

"Malam, an ce kana neman waɗanda za su shiga jirgi da tsohuwa? Rubuta ni."

"Ba kya tsoro?"

"Ina ji mana. Ruwa nike tsoro, ban iya iyo ba. Amma shekara takwas in na tahi coci ranar da kasuwa ta hwaɗo Lahadi, ita ka tsare mani kaya." Ta goge hannu a zane. "Kuma ai ba Esther cikin arba'in da ukkun nan, ko akwai?"

Na ce babu.

"To ka gani. Ka samo mani rigar nan ta ruwa."

Da ni da Zulai'atu da Esther, uku ke nan. Na tambayi Tanko ko zai ƙirga kansa, ya ce shi direba ne, ba fasinja ba. Ya kuma ce da ni da ƙanwata jikoki ne, da kyar ya yarda ya ƙirga mu.

Shekaranjiya na je Tungar Ƙirya. Ruwan bakin kwata ya fara sauya launi, ya yi fari-fari kamar an dama ƙasa a ciki. Masunta sun ce gefen tudun na gabas ya riga ya jiƙe, a ganinsu saura kwana goma, in an yi ruwa mai yawa a arewa kuma bai kai haka ba. Na iske Asibi a ƙofar ɗaki tana riƙe da hannun Zulai'atu, tana koya mata yadda ake buɗe magana da yaren kafin a kira suna. Zulai'atu tana maimaitawa, tana karya harshe, tsohuwar tana dariya. Ta ɗaga kai ta dube ni da idon da ya rage.

"Angona, nawa ka samu?"

"Uku, Kaka."

"Jiya ma ukku ne." Ta koma ga Zulai'atu. "Sake hwaɗi. Ba hanci za ki sa ba, maƙoshi."

Saura bakwai. Kai da ke karanta wannan, na san ra'ayinka, irin na malamin lissafi ne, kuma ba shi nake nema ba. Ba na neman sa hannunka, ko addu'arka daga nesa, ko ka tura wannan rubutu ga wani ka ce abin tausayi. Kujera nake so ka cika. Ranar Alhamis mai zuwa, ƙarfe bakwai na safe, a kwatar Tungar Ƙirya. Daga tashar Yelwa mota tana kai ka mararraba, kabu-kabu ya ƙarasa da kai. Na aro rigunan kariya goma sha biyu, mai kuma yana wuyana. Awa biyu zuwa, awa biyu a can, awa biyu dawowa, kafin la'asar kana gida. Ka zo da hula saboda rana, da takalmin da ba ka jin tausayinsa saboda laka. In ka iso, ka gaishe ta, ka gaya mata sunanka da bakinka, ka shiga ka zauna kusa da ita.